Dan Allah a ba ni shawara, ina son komawa karatu in samu aiki amma ban san ta inda zan fara ba

Assalamu alaikum Anti admin, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Jos wajen Anguwar Rogo, yarana huɗu, autar ma bana aka sa ta a nazare. Ina SS2 aka cire ni aka yi min aure, tun daga nan ban ƙara riƙe biro ba sai in za a sa hannu a asibiti. Maigida keke yake ja, mutumin kirki ne wallahi bai taɓa barinmu da yunwa ba, amma tunda aka cire tallafin mai a 2023 in ya dawo da dare ya ware kuɗin mai ya ware balas ɗin mai keke, abin da ya rage ko cefanen gobe ba ya kaiwa, ga kuɗin makarantar yara kowane zango sai mun ci bashi. To mai makarantar da yaran suke ta ce min da ina da takarda ko ta sakandare ce da ta ɗauke ni ina taya malamar ƙananan aji, don ta ga ina da haƙuri da yara. Maƙwabciyata ta ce in shiga ajin manya na yaƙi da jahilci, ni kuma na iya karatu da rubutu, lissafi ne dai ya gudu gaba ɗaya. Can ne wurina ko akwai wani? Sannan a NIN sunan maigida na sa, a takardar firamare kuma sunan babana ne. Maigida bai hana ba bai kuma ce je ki ba, Hajiyarsa ce dai ta ce wa zai riƙe gidan. Ku taimaka min dan Allah.

Maman Khalil:
Allah sarki 'yar'uwa, Allah ya dafa miki. Gemu ba ya hana ilimi.

Malama Hauwa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni malama ce kuma na koyar a ajin manya, bari in warware miki. Karatun manya hawa-hawa ne. Akwai ajin farko na wanda bai san baƙi ba sam, akwai na gaba da shi wanda yake daidai da gama firamare, sai kuma na masu ci gaba, wato waɗanda suka yanke a sakandare suna son su zana jarrabawa. Ke na ukun nan ne naki, kada ki bari a zaunar da ke ana koya miki a, ba, ca, za ki gaji ki gudu. Hukumar ilimin manya ta tarayya, NMEC, an kafa ta a 1990, tana Abuja amma ba can za ki ba, ki je sakateriyar ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ki nemi ɓangaren ilimin manya ki tambayi cibiyar da ta fi kusa da ke da kuma wane aji suke da shi. Abin da kike nema a ƙarshe shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kuma ba sai kin koma aji da yunifom ba, NECO da WAEC duk suna da jarrabawar 'yan waje, ta NECO wajen Nuwamba zuwa Disamba ake yi. An yarda ki haɗa sakamako na zama biyu, in kin faɗi lissafi bana sauran kiredit ɗinki suna nan, baɗi shi za ki nema ki ci. In takardar ta zo hannu ki nemi NCE, wato takardar shaidar malanta, a cibiyar horar da malamai ta ƙasa NTI, hedikwatarsu na Kaduna amma suna da cibiyoyi a jihohi kuma ƙarshen mako ake zuwa, don NCE ce mafi ƙarancin takardar da doka ta yarda a yi koyarwa da ita.

Ummu Sudais:
Ni fa gaskiya zan faɗa ko ba daɗi. Na koyar a makarantar kuɗi da NCE ɗina a hannu, albashin ko rabin dubu 70 ɗin da gwamnati ta ce shi ne mafi ƙaranci bai kai ba, wata ya ƙare a ce iyaye ba su biya ba ku yi haƙuri. Yanzu suwaita nake saƙawa da hulunan jarirai, garin nan kuwa kin san sanyi ba ya barinmu mu rasa ciniki. Kuɗin rijistar jarrabawar nan ki sa a jari ya fi miki.

Malama Hauwa:
Ummu Sudais ba ƙarya kika yi ba kan albashi, amma ke da kika bari kin bari ne da takardarki a akwati, gobe aka buɗe ɗaukar malamai za ki nema. Ita fa ba ta da takarda, ko fom ba za ta iya cikewa ba. Kuma wa ya ce sai ɗaya? Cibiyoyin mata da yawa ana haɗa karatu da ɗinki ko saƙa.

Mama Nanret:
Sannu 'yar'uwana. Ni a Tudun Wada nake, na wuce arba'in na zana NECO, ɗana na biyu ne yake koya mani lissafi a kan tabarma in an ɗauke wuta mu kunna tocin waya, in na kasa ya yi ta dariya. Kunyar sati ɗaya ne kawai. A ajinmu akwai matan zumunta akwai Hajiyoyi, duk benci ɗaya. Ki sayi littafin tambayoyin shekarun baya a wajen masu littafi na Terminus, shi ya taimake ni fiye da komai.

Anti Bilki:
Maganar sunan nan kada ki ɗauke ta wasa, ita ce ta ci min shekara guda. Kafin ki biya ko sisi ki zauna ki zaɓi suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, wanda zai bi ki a NIN da jarrabawa da banki. In na babanki za ki koma sai kin yi takardar rantsuwa a kotu sannan ki nemi gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, kuma gyaran ba ya fitowa da wuri. In za ki bar na maigida to ki yi rantsuwar canjin suna ki haɗa da ta firamaren ki ajiye. Ranar rijista a kafe ki tsaya a bayan yaron da ke buga kwamfutar ki karanta harafi ɗaya-ɗaya kafin ya tura, su sauri suke, ni Bilkisu aka mayar min Balkisu, har yau ina bin abin nan.

Abu Hanif:
Ni namiji ne a yi min afuwa. Shirun maigidanki ba ƙi ba ne, lissafin kuɗi yake yi a ransa kuma ba ya son ya saɓa wa mahaifiyarsa. Kada ki je masa da "ina son karatu" kawai. Ki je masa da sunan wurin, ranakun da ake zuwa, ƙarfe nawa za ki dawo, nawa ne, da wanda zai ɗauko yara. Hajiya kuma ki bar shi ya yi mata magana da kansa, ko ki samu wata babba da take jin nauyinta.

Maman 'yan biyu:
Akwai inda za ki biya kawai a rubuta miki komai, ki yi min magana ta inbos.

Admin:
Maman 'yan biyu ba a wannan a gidan nan, na gaba cirewa zan yi. Baiwar Allah kada ki kula, irin wuraren nan ne ake riƙe sakamakonsu gaba ɗaya kuɗinki ya tafi a banza, kuma yara za ki koyar, ya za ki yi ranar da ɗan aji uku ya tambaye ki abin da aka rubuta miki?

Hajiya Iya:
'Yata ki fara duba Islamiyyar matan aure ta unguwarku, wasu sun haɗa da boko, irin na ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da sauransu. In aka ce Islamiyya za ki, surukarki ba za ta ɗaga murya ba. Ki zaɓi ajin safe lokacin da yara suke makaranta, ki ɗora wake tun asuba.

Mai tambaya (ta hannun admin):
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Na nuna wa maigida abin da Abu Hanif ya rubuta, ya yi dariya ya ce ranar Litinin zai sauke ni a sakateriya kafin ya fara lodi. Maganar Hajiya dai ya ce in ba shi lokaci. Anti Bilki dan Allah rantsuwar nan sai na je da kaina ko zai iya karɓo min? Kuma Mama Nanret littafin na kowane darasi daban ake saya ko a haɗe yake?

Mama Nanret:
Daban-daban ne. Ki fara da na lissafi da Turanci, sauran ki ara.

Anti Bilki:
Da kanki za ki je, ke za ki sa hannu. Ki tafi da hoto fasfo da takardar NIN ɗin, kuma ki fita da wuri kafin layi ya yi tsawo.