Neman shawara: ina so in riƙa sayen kaya a hannun 'yan jari-bola ina gyarawa

Mai Gyaran Fanka, Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Sana'ata gyaran fanka da dutsen guga da ƙananan kayan wuta, ina da ɗan shago a Kurna, nan Kano. Aiki ya ja baya saboda tsadar kayan gyara. Mutum zai kawo fanka, ka faɗa masa kuɗin naɗin kwil, ya ce bari ya je ya dawo, shi ke nan ba ka ƙara ganinsa. Ga yaran jari-bola kullum suna wucewa ta ƙofar shagona da kurarsu, ina hango kan fanka, da dutsen guga, wani lokaci har injin markaɗe na kicin, duk za a kai a farfasa a auna a kilo. Ni kuwa na san da yawansu abin da ya kashe su bai taka kara ya karya ba.

Shi ne nake tunanin in ware ɗan jari in riƙa saye ina gyarawa ina sayarwa, wanda bai gyaru ba in cire abin amfaninsa. A ina ya fi in saya, a hannun yaran, ko wajen iyayen gidansu masu sikeli, ko in riƙa zuwa bolar da kaina? Me ya kamata in guje wa? Sannan mahaifiyata ba ta so, ta ce za a ce ɗanta ya koma bin bola, ga maganar aurena ana ciki.

Baban Sadiƙ, Panteka:
Wa alaikumus salam ƙanena. A Pantekar Kaduna, kasuwar tsofaffin ƙarafa da kayan gyara, na yi wayo, a nan gemuna ya yi fari, don haka ka saurara.

Kada ka je bola da kanka. Ba don kunya ba, don ba ka da abin da za ka samo a can. Kowane babban juji yana da masu shi, akwai waɗanda ke tare motar shara tun kafin ta juye, kai baƙo sai dai ka kwashi wari ka dawo. Kuma kayan wutan da ya kwana a juji, ruwa ya dake shi, laka ta shige shi, sai a hankali. Kayan kirki ba ya isa bola. Yaran nan masu kura a gidaje suke saye, a hannun matan aure da masu gadi da masu tashi daga gidan haya, shi ya sa za ka gan su a unguwannin masu hali irin su Nasarawa da Bompai.

Abin da za ka riƙe shi ne, yaron da sikeli yake lissafi, kai kuma da amfani kake lissafi. Shi fanka a wurinsa ƙarfe ne kilo kaza, da jar waya, wato jan ƙarfen naɗin kwil, ɗan kaza. In ka ɗora masa wani abu a kan abin da sikeli zai ba shi, ya ci riba, ka hutar da shi fasawa, kai ma ka samu a araha. Tsakanin farashin kilo da farashin fankar da ke juyawa, a nan abincinka yake. Saboda haka ka san kuɗin kilo na ranar kafin ka yi tayi, don yana hawa yana sauka. Jar waya ce sarauniya, sai tagulla irin ta kan famfo, sai alminiyam, baƙin ƙarfe shi ne na ƙarshe. Ka sa mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar lasifika ne. Abin da ya kama ƙarfe ne, jar waya da alminiyam ba ya kama su.

Lokaci kuwa, bayan la'asar, sa'ad da suke komawa wajen ubangidansu, kafin guduma ta sauka. Amma ka fara zuwa ka gai da ubangidan. Yawancin yaran nan kurar tasa ce, kuɗin da suke yawo da shi nasa ne. In ka riƙa tare su a hanya kana tsince mai kyau, ranar da ya gane zai hana su tsayawa a ƙofarka. In ka je masa da girmamawa, shi da kansa zai riƙa ware maka.

Injiniya Bala:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai ta fuskar aikinmu. Fankar sama da ta daina gudu, sau da yawa kafasita ce ko boris, ka fi ni sani. Ka tafi da mitarka ta gwajin wuta, ka gwada kwil a gaban mai kaya, ka shinshina, ƙonannen kwil ba ya ɓuya. Ka ɗan kankare wayar da wuƙa, don da yawa daga na yanzu alminiyam ne aka shafa wa ja, in ka ga fari a ciki kada ka biya kuɗin jar waya. Tsofaffin fankokin KDK da SMC masu nauyin nan, ko a mace ka gan su ka ɗauka.

Wanda ba ka saba da shi ba ka yi hattara. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da na'urar ɗumama abinci suna riƙe wuta a ciki ko an cire su daga soket. Batirin laftof akwai ƙwayoyi masu kyau a ciki da ake sa wa tocila, amma duk wanda ya kumbura ko ya lotsa ka rabu da shi, wuta yake kamawa. Tukunyar gas ta bola kuwa ko kyauta aka ba ka kada ta shiga shagonka.

Abu Nana, Abuja:
Ni dai shawarata ka haƙura da wannan tunanin. Mu nan mun ga abin da ya faru. A watan Janairun 2025 hukumar birnin tarayya ta hana baban bola yawo a cikin gari, ta ce sai dai su tsaya a juji na bayan gari, aka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu, duk saboda satar murafun kwalbati da wayoyin fitilun titi. A Borno ma Gwamna Zulum ya hana harkar a 2023, bayan kashe-kashen da aka yi wa masu shiga daji neman ƙarfe. Idon hukuma yana kan sana'ar nan. Ranar da aka kama wani yaro ya nuna shagonka, ba wanda zai tsaya jin cewa kai mai gyara ne.

Baban Sadiƙ, Panteka:
Abu Nana, gaskiya ka faɗa amma ba duka ba. Murfin kwalbati da wayar taransifoma da ƙarfen titin jirgi, wa ya taɓa zubar da su a shara? Duk wanda ya saya ya san abin da ya saya. Wannan yaron fanka yake nema da dutsen guga.

Barista:
Ku bari in shiga tsakaninku. A dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa, kuma ba sai an tabbatar ka sani ba, ya isa a nuna kana da dalilin da ya kamata ka yi zargi. To me ke jawo zargi? Kaya sabo fil a farashin bola. Kayan da aka kawo da daddare, mai shi yana waige-waige. Janareto mai aiki, injin jan ruwa da aka yanko da guntun bututunsa, mitar wuta, batirin sola, kan na'urar sanyaya ɗaki. Wayar salula kuwa kada ka kusance ta sam, ana bin sawunta da lambar jikinta, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara ɗauka.

Ka sayi littafi, duk abin da ka saya ka rubuta kwanan wata, da irin kayan, da sunan wanda ya kawo da na ubangidansa, ka ɗauki hoton kayan yadda ya zo da tsatsarsa. Ka saya da rana, a bainar jama'a, a hannun waɗanda ka san inda suke kwana. In akwai ƙungiyar masu sana'ar a yankinku ka yi rajista. Littafin nan ba zai hana a kira ka ba, amma shi zai dawo da kai gida.

Malam Abubakar:
Ta ɓangaren shari'a, abin da mai shi ya jefar da gangan don ya gama da shi, halal ne ga wanda ya ɗauka, saye da sayar da shi ma halal ne. Inda ake kuskure shi ne tsintuwa. In ka buɗe tsohuwar rediyo ko akwati ka tarar da kuɗi ko sarƙar zinare ko takardun fili, wannan ba jefarwa aka yi ba, mantuwa ce. Hukuncinsa cigiya, kuma hadisi ya ce shekara guda. Ka bi ta hannun yaron, yawanci suna tuna gidan da suka saya.

Batun abin kunya kuma, Annabi (SAW) ya nuna mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Sai dai ka bi mahaifiyarka a hankali, kada ka fara sai ta sa albarka. Kuma in za ka sayar, ka faɗa wa mai saye cewa gyararre ne. Fenti a kan tsohon kaya a ce sabo ne, wannan algus ne.

Hajiya Maman Khalifa:
Ɗana, ka gaya wa Hajiyarka in ji ni, tukwanen alminiyam da muke girkin biki da su, da me take tsammani ake zuba su? Gwangwanayen lemo ne da tarkacen da yaran nan suke tarawa. Ba wanda ya taɓa ƙin cin shinkafar. Iyayen yarinya abin da za su tambaya, yana da sana'a, yana salla, ba ya shaye-shaye. Kai dai kada ka mayar da ƙofar shagon juji, ka samu lungu a baya ka riƙa tarawa, gaba kuma a ga kaya a goge a jere.

Amma don Allah ban da katifa da kushin da kafet. Maƙwabciyata ta sayi kujeru irin na tsince, kuɗin cizo ya mamaye mata gida har sai da ta ƙona su, ta haɗa da katifarta mai kyau.

Ɗan Zango, Ankara:
Gaisuwa daga Nima. Mu nan Gana da muna da Agbogbloshie, babbar matattarar tarkacen ƙarafa da kayan wuta, kafin gwamnati ta rushe wurin a Yulin 2021. 'Yan Arewacin Gana ne suka fi yawa a can, akwai Hausawa ma. Masu gyara sun ci abinci sosai, kwamfuta uku matattu a haɗa ɗaya mai rai. Waɗanda suka sha wuya su ne yaran da ke ƙona waya da tayoyi don fitar da jan ƙarfe, ga tari ga ciwon ƙirji ga jan ido. Yaya, wayar da ta rage maka ka fere ta da wuƙa, kada ka ƙona. Feraren ma ya fi ƙonannen daraja a sikeli.

Sista Rabi:
Kafin ka fara ka je asibiti a yi maka allurar tetanus, don yankan tsohon ƙarfe mai datti yana cikin hanyoyin kamuwa da shi. Safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, ban da silifa. Buhun da ka ga sirinji ko auduga a ciki kada ka sa hannu. Batirin mota kuma kada a fasa shi a gida, dalma ce a ciki. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma a jikin tufafi ake kai wa yara ita. Kayan aikinka su kwana a shago.

Sani Mai Shayi:
In ka gyara fanka ta tsaye mai arha ka ajiye mini ɗaya, zafin bana ba sauƙi.

Mai Gyaran Fanka, Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tsaya a fanka da dutsen guga da injin markaɗe, littafin Barista kuma gobe zan saya. Hajiya, zan karanta wa mahaifiyata saƙonki da bakina. Baba, saura tambaya ɗaya. Gangar jikin da ta rage bayan na cire abin da nake so, in tara in kai kasuwar ƙarafa ta Ƙofar Ruwa da kaina, ko yaya?

Baban Sadiƙ, Panteka:
A'a, kuɗin mota zai cinye ribar. Ka mayar wa ubangidan yaran, ya auna ya cire a cikin cinikinku na gaba, hakan zai ƙara ɗaure ku. Amma ka rarrabe kafin ya zo, jar waya buhunta daban, alminiyam daban, ƙarfe daban. In ka haɗa su wuri guda, kuɗin ƙarfe zai biya ka duka. Kuma ka sayi ɗan sikelinka na rataye, ka auna kafin nasa ya auna.