An kai ƙarar ma'aikacin lafiya gaban hukuma: a ina maganar ke maƙalewa?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Hukumomin da ke ba likitoci da ma'aikatan jinya lasisi ba sa nawa wajen rajista da karɓar kuɗin sabuntawa. Amma da an zo hukunta wanda ya yi sakaci da ran majiyyaci, sai tafiyar hawainiya. Waɗanda suka san aikin daga ciki, don Allah ku faɗa mana inda yake tsayawa.

Jami'in bincike: Wa alaikumus salam. Matakan kusan ɗaya ne ko'ina: a tantance ƙorafi, a yi bincike, a nemi ra'ayin ƙwararre a fannin, sannan kwamitin ladabtarwa ya zauna. Ƙorafi da yawa tun a tantancewa suke mutuwa, saboda an rubuto su cikin ɗacin rai, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya yi aikin, babu lambar kati. Wanda ya tsallake nan kuma fayil ɗin majiyyaci ne ke kayar da shi. Sai ka buɗe ka tarar shafin daren da abin ya faru babu shi, ko an cusa layi da wata tawada daban tsakanin layuka biyu. Dangi su nemi kwafin fayil a rubuce tun kafin su kai ƙara, ba bayan labari ya isa asibitin ba.

Shugabar ma'aikatan jinya: Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai wanda ya fi wannan ciwo. Asibiti kan gano ɓarnar ma'aikacinsa, maimakon ya sanar da hukuma sai a kira shi ofis a ce ya ajiye aiki salin-alin. Ya tafi da lasisinsa tsaf, wata mai zuwa yana wani asibitin. Don toshe wannan ƙofa Amurka ta yi doka a 1986 da ta kafa rumbun bayanan likitoci na ƙasa, ya fara aiki a 1990: dole asibiti ya kai rahoton likitan da aka taƙaita wa aiki fiye da kwana 30, ko wanda ya ajiye aiki ana tsakiyar bincikensa, kuma dole ya duba rumbun lokacin ɗaukar likita da duk bayan shekara biyu. Duk da haka ana zagaye ta, a tsayar da dakatarwar ƙasa da kwana 30 don kada ta shiga.

Lauya: Hajiya, abin da na fi dubawa shi ne ko hukuma na da ikon dakatarwa ta wucin gadi, kuma tana amfani da shi. In babu, mutum zai ci gaba da fiɗa shekara da shekaru ana jiran hukunci. A Birtaniya ana iya dakatar da likita har wata 18 kafin a gama bincike, ana sake dubawa duk wata shida, ƙari kuma sai da izinin babbar kotu. A 2008 sun sassauta ma'aunin hujja: ba sai an kawar da duk wani kokwanto kamar a shari'ar laifi ba, rinjayen hujja ya wadatar. A 2012 kuma suka raba masu bincike da masu yanke hukunci.

Likita: Kada a manta jinkirin nan yana cin wanda bai yi laifi ba shi ma, ya shekara uku da zargi a wuya. Sannan yawan lasisin da aka ƙwace ba shi ne awon hukuma ba. A tambaye ta kwana nawa ƙorafi ke yi kafin mataki na farko, da ƙararraki nawa suka haura shekara biyu a ajiye. Harold Shipman fa, wani likita a Birtaniya, tun 1976 kotu ta same shi da laifin rubuta takardun magani na jabu, aka bar shi da gargaɗi, sai a 2000 aka ɗaure shi kan kisan majiyyata 15, bincike daga baya ya gano fiye da 200. Sake tantance likitoci duk shekara biyar bai fara a can ba sai 2012.

Jami'in bincike: Ƙari: akwai kuma batun ma'aikatan lafiya masu sauya ƙasa. Takardar shaidar cewa babu zargi a kan mutum, kada a karɓe ta daga hannunsa. Hukumar da ya baro ce za ta aiko kai tsaye, kuma in ta wuce wata uku da fitowa a nemi sabuwa.