Katikis ya hana ni tsaya wa 'yata a Ƙarfafawa

Uwar Biyu: Jama'a raina a ɓace yake. Wata uku ina kai yarinyar nan ajin Ƙarfafawa, sakramentin shafa mai a goshi, a cocinmu na Katolika, na ɗinka farin kaya, jiya na je rubuta suna a matsayin mai tsaya mata sai katikis, malamin da ke koya musu addini, ya tura min biro baya wai uwa ba ta tsayawa, a gaban mutane fa, ni da na haife ta. Bikin yayen 'yata guda a ce in zauna a benci ina kallo? Wannan son kai ne kawai.

Ɗan Kwaya: Mama yi haƙuri amma wane irin yaye kuma? Sakramenti ne fa, ba gama firamare ba.

Tsohon Soja: Yaye ne mana, me za a ɓoye. Mu talatin da wani abu aka shafa wa mai a goshi rana ɗaya, ku je ku ƙirga nawa ke zuwa Misa yau. Ana karɓa ake sallama.

Ɗan Kwaya: Baba wannan laifin mutanenku ne ba na sakramenti ba. Karanta Ayyukan Manzanni 8, mutanen Samariya sun riga sun yi baftisma aka aiko Bitrus da Yohanna suka ɗora musu hannu suka karɓi Ruhu Mai Tsarki, ina yaye a nan, fara aiki ne.

Malama: Kuma in yaye ne jariri me ya gama? Ikilisiyoyin Gabas fada ne ke shafa wa jariri man nan take bayan baftisma. Mu ma dokar ta ce shekarun hankali, wajen 7, sai in bishop-bishop na ƙasa sun sa wani lokaci. Tun da Fafaroma Pius na 10 ya sauko da shekarun karɓar Jibi, wato Jibin Ubangiji, a 1910 ne sakramentin nan ya koma na ƙarshe, bayan Jibi, shi ya sa kuke ganinsa kamar sallama.

Tsohon Soja: Ni dai zamaninmu har mari bishop ke yi a kumatu, ka san ka zama sojan Almasihu. Yanzu an lalata komai.

Malama: Taɓawa ce Baba ba mari ba, kuma sabon tsarin Fafaroma Paul na 6 na 1971 ya cire ta. Shekararka nawa a lokacin?

Tsohon Soja: Ke kunnena ne ya yi ƙara ko naki? Yarinya ki iya bakinki.

Surukin Gida: Mu a Angilika tabbatarwa muke cewa, yaro ne ke tabbatar da alkawarin da aka yi masa, ya fi ma'ana.

Ɗan Kwaya: Wa ya sa baki da kai? Kullum sai ka shigo da naku. A wurinmu Allah ne ke sa hatimi da man kirisma da bishop ya keɓe, shi ya sa ba a maimaitawa.

Surukin Gida: Toh ku cire ni mana, matata ce ta saka ni.

Uwar Biyu: Ni fa tambayata ba a amsa ba!!

Malama: Yaya dokar Ikilisiya ta 874 ce, mai tsayawa ya kai 16, ya karɓi Ƙarfafawa da Jibi, kuma kada ya zama uba ko uwa. Ki nemo uwar baftismarta, ita aka fi so.

Uwar Biyu: Wadda ba ma magana da ita shekara biyu? Tab.

Shugaban Zaure: Toh na rufe. Abin da aka tsayar, kowa ya yarda katikis bai yi laifi ba, mutum ne mai haƙuri na san shi tun muna yara, kuma kalmar yaye kuskure ce wasu su riƙa tauna magana kafin su rubuta. Batun mari Baba ne da gaskiya don ni ma an yi min. Mai kawo mana Angilika wannan ne gargaɗi na ƙarshe.

Uwar Biyu: Wane kowa? Ni yaushe na yarda?