Ruwan da ke tsatsafowa a tsakar gida: alhakin wa?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'ar layi. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, yau dai zan faɗa. Damina uku ke nan, da Agusta ta kama sai ruwa ya riƙa tsatsafowa daga ƙasan tsakar gidanmu. Kwana huɗu rabon da a yi ruwan sama, amma yau da asuba ina taka daɓen ƙofar kicin ruwa ya fito ta tsagar siminti. Buhun shinkafa a kan bulo yake kwana, bangon ɗakin yara ya yi farin gishiri har gwiwa. Kafin Alhaji na bayanmu ya zuba ciko ya ɗaga gidansa ba mu san wannan ba. Ni a ganina wanda ya ɗaga gida ya turo wa maƙwabci ruwa, shi ke da nauyin gyara.

Alhaji na Kwana: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya sani ban yi ciko don in cutar da ku ba. Ni ma ruwan ne ya kore ni daga ɗakina, na sayi marmara na ɗaga. Mutum ba zai tsare gidansa ba?

Maman Ummi: Zai tsare mana, Alhaji. Amma indararonku biyu a jikin katangarmu suke zuba.

Baba Magini: Ku saurara 'ya'yana. Ni na san wurin nan tun ba gida ko ɗaya. Daga gidan Hajiya har bayan masallaci kududdufi ne, nan muke ɗibar ƙasar gini, yara na kamun tarwaɗa. Da shara da ɓaraguzai aka cike shi aka yanka filaye. Haka aka yi wa kududdufai da yawa a Kano, alhali su ne ke riƙe ruwan unguwa kafin ya gangara Jakara. Ruwa ba ya manta gidansa. Ko Alhaji bai zuba ko kwando ɗaya ba, gidan Hajiya zai yi laima, don shi ne a tsakiyar ramin.

Maman Ummi: To Baba, me ya sa shekara bakwai na farko ba mu ga komai ba?

Injiniya: Tambayar nan ita ce zuciyar maganar, kuma Baba da Hajiya kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Ruwa biyu ne ake haɗawa. Akwai na sama, wanda ke saukowa daga kwano. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 50, lita 5,000 yake zubarwa, wato jarka 200 mai cin lita 25, a dare ɗaya. In wannan a gindin katanga yake sauka, ƙasar wurin ce za ta shanye shi. Wannan kam na mai indararo ne, ba ja.

Sai na ƙasa. Cikon shara yana shan ruwa kamar soso, laka a ƙarƙashinsa kuma ba ta barinsa ya nutse, sai ya taru ya riƙa hauhawa har ya iso daɓe. A da, filayen da ba a gina ba suna raba nauyin. Yanzu kowa ya gina, kowa ya malale tsakar gida da siminti, kowa ya haƙa sokawe yana ɗura ruwan wanka da wanki a ƙasa rani da damina. Har da nawa gidan. Wannan ruwan ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ko an rushe cikon Alhaji gobe ba zai tafi ba.

Yaya Sani Tela: Ni duk ban yarda a bar maganar tsakanin maƙwabta ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take. Wa ya bari aka yanka kududdufi? Wa ya ga an gina layi guda ba kwata? Talaka ya sayi fili da guminsa, sannan a ce shi zai yi wa unguwa magudana?

Baban Khalifa: Sani, gaskiya ka faɗa, a rubuta takarda a kai. Amma kwalbatin bakin titi ledar ruwa da robobinmu ne suka toshe shi. Kafin amsa ta zo bangon Hajiya ya kwanta.

Malam Liman: Abin da shari'a ta ce a fili yake. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana cuta da cutarwa, hadisi na 32 ne a Arba'una. A Risala ma an hana mutum haƙa abin da zai cuci maƙwabci ko da a cikin mallakarsa ne. Saboda haka, Alhaji, juya indararo wajibi ne a kanku, ba alfarma ba ce. Amma Hajiya, ba a ɗora wa mutum abin da ba shi ya jawo ba. Ruwan da ya riga shi zuwa wurin ba bashinsa ba ne.

Anti Amarya: A ƙara daɓe mai kauri mana, ko a haƙa babban sokawe a tsakar gidan. Wasu kuma bishiyar turare suke shukawa, tana shan ruwa sosai.

Injiniya: Anti, daɓe yana rufe ruwan ne kawai, sai ya bi bulo ya hau bango. Sokawe a ƙasar da ta riga ta ƙoshi rijiya ce za ta zama. Turare kuwa saiwarsa tana fasa fandisho a gida mai ƙunci. Abin da ke aiki shi ne a haƙa dogon rami a bin katanga, a shimfiɗa tsakuwa, a kwantar da fayif mai huji-huji, a rufe da tsakuwa da buhu don kada laka ta toshe. Gangara kamar santimita 1 a kowace mita 1. Sharaɗinsa ɗaya: bakin fayif ya fita wurin da ya fi tsakar gidan ƙasa. A layinmu wurin nan kwalbatin titi ne, kuma sai an ratsa gida uku kafin a kai.

Wani abu da ya fi bango damuna, Hajiya: rijiyarku da masai. Ana so a sami mita 30 tsakaninsu, naku ko goma ba su kai ba, ga ruwan ƙasa ya haɗe su. Don Allah kada yara su sha sai an tafasa.

Maman Ummi: Innalillahi. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Daga yau an daina.

Alhaji na Kwana: Na ji Malam. Gobe mai kwano zai zo ya sa wa indararon fayif ya kai su waje, kuɗina. Filastar katangar da ruwana ya ci ma ni zan yi. Na ramin kuma a raba, in biya kasona kamar kowa.

Maman Ummi: Na gode Alhaji. Amma har yanzu ina ganin kasonku ya kamata ya fi namu, don cikon ya tare hanyar da ruwan ke bi a da.

Baba Magini: Wannan a bar wa ido. Injiniya, ka zo da tiyo mai ruwa mu auna gangarar ranar Asabar ta tsaftar muhalli, matasa su yashe kwalbati. In awo ya nuna cikon ya tare hanya, Alhaji ya ƙara.

Alhaji na Kwana: Na yarda da awo.

Baban Khalifa: Saura gida na uku da fayif zai ratsa, na magada ne, babbansu yana Kaduna. Malam, ku da mai unguwa za ku kira shi kafin Asabar?

Malam Liman: In sha Allahu, bayan sallar isha'i yau.