"Noise" da "jitter": hayaniya ba ta yi mini ba

Malamai da injiniyoyi, a taimaka. Ina rubuta wa ɗalibai bayani da Hausa kan PLL (phase-locked loop), da'irar nan da Bafaranshe Henri de Bellescize ya bayyana tun 1932, wadda yau ke riƙe wa rediyo da wayar salula tasha kada ta goce. Sai na cije a kan fassarar kalmar "noise".

Ƙamus zai ce hayaniya ko ƙara. To amma wannan abu ba kunne ke jin sa ba. A 1928 masana kimiyya Johnson da Nyquist suka nuna cewa zafi kaɗai ya isa ya sa lantarki motsi barkatai a cikin waya, ko da ba a jona ta da komai ba. Wani abokina ya ce a kira shi "shuu", irin na rediyo in an rasa tasha. Da daɗin faɗa, amma wa zai rubuta shuu a jarrabawa?

Na so ƙaiƙayi, sai na tuna a rubuce ɗalibi zai zaci na susa ne. Don haka na tsaya a kan dusa. Saƙon da ake so shi ne tsaba, abin da ya cakuɗu da shi dusa, matacin da'irar kuma rariya.

"Jitter" kuwa karkarwa nake so. Ku dubi agogon hannu mai batir: dutsen cikinsa na bugu 32,768 a daƙiƙa, ana raba shi biyu-biyu har sau 15 ya koma ɗaya. Mai wannan aiki na kira shi marabin bugu. Dusarsa a lokaci take fitowa: bugun ya riga kaɗan ko ya makara kaɗan, kamar makaɗin da hannunsa ke rawa. Akwai irinsa a cikin PLL, kuma ba ta rufa masa asiri. In yana rabawa da 100, dusarsa kan fito da ƙarin desibel 40 (ma'aunin ƙarfin sigina) kusa da tashar.

Shi ya sa lissafin dusa da aka saba na SPICE, manhajar gwada da'ira a kwamfuta, bai wadatar a nan ba, don yana ɗaukar da'ira a zaune take, marabi kuwa bai taɓa zama ba. Sai an koma irin manhajar SpectreRF, a auna daidai lokacin da bugu ke tsallake iyaka.

Saura "simulation". Da na ce kwaikwayo, sai ajin ya fashe da dariya, wai wasa za mu yi. Gwajin kwamfuta fa, ya yi muku?