Tsohon akwatin Street Fighter II: ina so in saka masa fanel mai wasanni da yawa

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Na sayi akwatin wasan bidiyo na gwanjo, irin wanda ake tsayawa a gabansa a jefa kwandala, kuma takardar da ke manne a bayansa ta nuna cewa daga Amurka ya fito. Wasa ɗaya ne a cikinsa, Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991, allonsa kuwa tsoho ne mai ƙeya. Ban jona shi da wuta ba tukuna. Ina so in sauya masa fanel, wato faifan lantarkin da wasan yake ciki, domin yara su samu wasanni da yawa, kuma an kawo mini shawarar iri biyu, wanda ake kira 60-in-1 da kuma Pandora's Box. Wanne ne zai dace da shi, kuma me ya kamata in duba kafin in kashe kuɗi?

Mai Gyara Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dace, domin akwatinka ya zo bayan 1985, shekarar da masu ƙera waɗannan na'urori a Japan suka fito da tsarin JAMMA, wato mahaɗi guda mai haƙora 56, 28 a kowace fuska, wanda wuta da hoto da sauti da maɓallai duk suke bi ta cikinsa. Da a ce Pac-Man na 1980 ka samu, da sai ka nemi wani mahaɗin na tsakani, amma naka zare tsohon fanel za a yi a soka sabo, in ban da batun maɓallai da zan yi bayani a ƙasa.

Ka ajiye batun 60-in-1. Wasannin da ke cikinsa, irin su Galaga da Donkey Kong, an yi su ne domin allon da aka kafa a tsaye, naka kuwa a kwance yake, saboda haka hoton zai fito a kishingiɗe. Pandora's Box ne ya dace, sai dai yana da nau'o'i masu yawa, kuma ba kowanne ne yake fitar da hoto a 15kHz ba, wato saurin zana layukan hoto wanda shi kaɗai tsohon allonka yake ɗauka. Wasu na baya-bayan nan VGA da HDMI kawai gare su, don haka ka sa mai sayarwa ya tabbatar maka kafin ka biya.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne maɓallai. JAMMA na asali maɓallai 3 ya tanadar wa kowane ɗan wasa, shi kuwa Street Fighter II yana buƙatar 6, shi ya sa Capcom ya bi da wayoyin maɓallan shuri ta wani ƙaramin mahaɗi na dabam. Yawancin sababbin fanel ɗin nan suna karɓar maɓalli na 4 da na 5 da na 6 ta haƙora na 25 da 26 da 27, alhali a tsohon tsari haƙori na 27 wayar ƙasa ce. Idan ka soka shi haka nan, fanel zai ɗauka cewa an danne maɓalli na 6 ba a saki ba. Akwai ɗan mahaɗin tsakani da ake sayarwa domin wannan matsala, kuma shi nake ba da shawara a saya, ba a sa almakashi a wayoyin asali ba.

Injiniya Auwalu:
Duk abin da Mai Gyara ya faɗa daidai ne, amma ni wuta ce ta fi damuna, kuma ka kyauta da ba ka jona shi ba. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu kuwa 230, saboda haka akwatin gaba ɗayansa yana buƙatar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, a haɗa masa da sitabilaiza ganin yadda wutarmu take hawa da sauka. Ko da ka ga abin juyawa zuwa 220 a jikin ƙaramin akwatin da ke raba wuta a ciki, kada ya ruɗe ka, domin allo da fitilar sama ba ta nan suke samun tasu ba. Haka kuma akwai wata taransifoma a ƙasan akwatin wadda ke raba allon da wutar bango. Da yawa daga cikin tsofaffin allunan ba sa aiki lafiya sai da ita, don haka kada wani ya cire ta da sunan ta yi nauyi.

Kafin ka soka sabon fanel, ka auna wayar volt 5 da mita a bakin mahaɗin, ka daidaita ta tsakanin 5.0 da 5.1. Shi kuwa bayan allon, yana aiki da wutar da ta haura volt 20,000, kuma kwalbarsa tana iya riƙe wuta bayan an kashe shi, saboda haka sauya kondensa ko duk wani aiki a wurin na mai gyaran talabijin ne wanda ya saba.

Sadiq Gyaɗi-Gyaɗi:
A ganina, tunda domin yara ne, a cire tsohon allon a saka na zamani marar kauri, an huta da zafi da nauyi da haɗarin wuta, kuma kowane nau'in fanel zai yi aiki.

Mai Gyara Sabon Gari:
Ɗan'uwa, hakan yana yiwuwa, kuma idan kwalbar ta mutu ni ma abin da zan ce ke nan, tunda an daina ƙera irinta. Amma idan tana da rai, cire ta asara ce, domin an zana wasannin ne da irin wannan allo a zuciya, kuma a kan na zamani hoton yakan yi kaushi, wani lokaci ma a ji ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Shi ma fanel ɗin Capcom a naɗe shi a ajiye a wuri busasshe, kasancewar shi ne mai daraja a wurin masu tara irin waɗannan kaya. Wasannin da ke cikin sababbin kuwa kwafi ne marasa lasisi.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: yaya zan yi da wurin jefa kwandala?

Injiniya Auwalu:
Ba sai ka taɓa shi ba. A cikin saitin fanel ɗin akwai zaɓin wasa kyauta, ka kunna shi kawai. Idan kuma kana so yara su riƙa jefa wani abu, na'urar da ke ƙofar an auna ta ne da kwandalar Amurka ta santi 25 ko ƙarfen da gidan wasan ya buga wa kansa, don haka ka leƙa akwatin kuɗin da ke ƙasa, wataƙila akwai ragowarsu a ciki.