Abin da masu kiwon jatan lande suka ce kan saɓa da hayayyafa

Na tattaro shawarwarin ne a taƙaice, kuma kusan kowa kan saɓa ya fi tsayawa, don jatan lande ba ya girma sai ya tuɓe ɓawonsa kamar yadda maciji ke yi, to a wannan lokacin jikinsa lugwi-lugwi yake, 'yan uwansa ma sai su far masa su cinye, shi ya sa aka ce a zuba musu guntayen fayif ko raga su samu wurin ɓuya, kuma kar a cunkusa su. Ɓawon da ya tuɓe a bar shi a ruwan, suna ci su maida kalsiyam. In ruwa ba shi da isasshen kalsiyam da maganiziyam sai ka ga ya maƙale cikin tsohon ɓawo ya mutu. Canjin ruwa kaɗan-kaɗan ake yi, duk maganin da ke da sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, kuwa kashe su yake.

Hayayyafa kuma, irin manyan nan na ruwan daɗi da ake kiwo a Tailan da Bangaladash, macen tana yarda da namiji ne jim kaɗan bayan ta yi saɓa, ta riƙe ƙwai a ƙarƙashin cikinta wajen sati 3, launin ƙwan daga ruwan lemo ya koma toka-toka. Inda ake yawan faɗuwa shi ne 'ya'yan, dole sai ruwa mai ɗan gishiri, kusan giram 12 a lita, da ɗumi wajen digiri 28 zuwa 30. Gaskiya sabon shiga gara ya sayi ƙanana ya raina kawai.